Inji ya cinye yatsun ƙanena a wurin aiki: ina hukumar da ke duba masana'antu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ɗan shekara 22 yana aikin dare a wata masana'antar sarrafa tsofaffin robobi a Kudenda da ke Kaduna. Kwana 10 da suka wuce injin markaɗa roba ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti na farko, ya ba shi naira 50,000, yanzu kuma suna so ya sa hannu a takarda cewa sakacinsa ne. Sun ce shi ma'aikacin wucin gadi ne, ba shi da wani haƙƙi. Shin babu hukumar gwamnati da ke duba irin waɗannan wurare? In akwai, ina take har haka ta faru? Me ya kamata mu yi? Daga wata 'yar'uwa a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da wannan rashi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya ba ku haƙurin jinya. Yatsu uku na hannun dama ga saurayi mai wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne, da hannun nan zai nemi abincinsa da na iyalin da zai tara nan gaba.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ya sa hannu a wannan takarda, kada kuma ya dangwala. Na biyu, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ba wanda ya ji rauni kwana 14 ya sanar da mai aikinsa, ga shi 10 sun riga sun tafi. Na san za ki ce ai sun sani, a gabansu aka yi, su ma suka kai shi asibiti. Haka ne, kuma dokar ta yi sassauci idan an tabbatar mai aiki yana da labari. Amma kada ku jingina da wannan. Na yi sama da shekara 20 ina jami'in kiyaye haɗari a wata masaƙa a Kakuri, bayan an rufe ta kuma na koma zagaya ƙananan masana'antu ina taya su gyaran wurin aiki, kuma abin da ya fi zauna mini a rai cikin duk shekarun nan shi ne, haɗarin da ba a rubuta ba, a wurin hukuma bai faru ba. Gobe-goben nan a rubuta wasiƙa zuwa ga manajan: sunan yaron, rana da lokacin da abin ya faru, irin injin, yadda aka yi, asibitin da aka kai shi. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa su buga hatimi da kwanan wata a ɗayan ku riƙe. In sun ƙi karɓa, a aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit.

Yanzu ga tambayarki. Hukuma akwai ta. Sashe ne na kula da lafiya da kariyar ma'aikata a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, jami'ansa su ne sufetocin masana'antu, kuma ma'aikatar tana da ofishi a kowace jiha ƙarƙashin kwanturolan ƙwadago. In kin je Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Kawo kika tambaya, za a nuna miki. Mutane da yawa suna zaton aikin gwamnatin jiha ne, su yi ta kai ƙara inda ba za a iya yi musu komai ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa sha'anin ƙwadago, har da kariya da walwalar ma'aikata, cikin abubuwan da majalisar tarayya ke yi wa doka, sashe na 17 kuma ya ce dole a kare lafiyar duk mai aiki kada a jefa ta cikin haɗari.

Akwai wani ruɗani da nake yawan ji. Ma'aikaci zai ce mini, ai jami'an gwamnati suna zuwa kamfaninmu kullum. To, su wa ke zuwa? NAFDAC ta zo gidan fiya wata, ruwan da ke cikin leda ta zo dubawa, ba hannun yaron da ke tsaye a bakin injin yankan ledar ba. KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, ta zo, hayaƙi da dattin da ke fita zuwa unguwa ne damuwarta. Masu haraji sun zo karɓar nasu. Cikin duk masu shigowa, sufeton masana'antu ne kaɗai aka ɗora wa alhakin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin inji ya ga ko zai iya kama mutum.

Dokar da yake aiki da ita ita ce Dokar Masana'antu ta 1987. Kafin ita akwai ta zamanin Turawa ta 1955, wadda ba ta ɗaukar wuri a matsayin masana'anta sai ma'aikatansa sun kai 10. Ta 1987 ta cire wannan sharaɗi. Ko mutum ɗaya aka ɗauka yana ƙera abu, ko gyara shi, ko wanke shi, ko farfasa shi don kasuwanci, wurin masana'anta ne a idon doka, dole a yi masa rajista. Ke nan gidan bulo, gidan burodi, wurin tsaga katako, injin casar shinkafa, da wurin markaɗa roba irin na su ƙanenki, duk sun shiga. Kada wani ya ce muku wai su ƙaramin kamfani ne doka ba ta hau kansu ba.

Abin da ya shafe ku kai tsaye yana sashe na 17 da na 23 na wannan dokar. Na 17 ya ce duk wani ɓangare na inji mai haɗari dole a killace shi da kariya mai ƙarfi. Na 23 ya ce ba a sa mutum a kan injin da zai iya raunata shi sai an yi masa cikakken bayanin haɗarin, an horar da shi, ko kuma yana ƙarƙashin kulawar wanda ya san injin sosai. A nan zan ɗan tsaya, don a nan maganar sakaci take faɗuwa.

Injin markaɗa roba na san shi ciki da waje. Wuƙaƙe ne ke juyawa da gudu a ƙasan wani mazurari da ake zuba robar. In an ƙera shi yadda ya kamata, wuyan mazurarin yana da tsawon da ko mutum ya zura hannu har kafaɗa ba zai taɓo wuƙa ba, kuma murfin yana haɗe da makunni, da an ɗaga shi wuta ta yanke. Amma me ake yi? Da yawa a nan gida ake haɗa su ba tare da wannan ba. Wanda ma ya zo da kariyarsa, sai a yanke wuyan don roba ta riƙa shiga da sauri, a haɗe wayar makunnin don kada inji ya riƙa tsayawa. Roba ta cushe, foman yana tsaye yana ƙirga buhuna, yaro ya sa hannu ya turo. Wani lokaci ya kashe injin ma, bai san wuƙaƙen suna ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tsoro, kuma namu ne na nan ƙasar: an ɗauke wuta, inji ya tsaya, yaro ya ga dama ta samu ya zura hannu yana cire abin da ya maƙale, can waje wani ya tayar da janareto, inji ya tashi da hannu a ciki. Maganin wannan sananne ne kuma ba shi da tsada. Akwai irin makunnin da in wuta ta ɗauke ba ya sake tayar da inji sai an zo an danna da gangan. Sannan duk mai shiga cikin inji ya sa kwado a akwatin wuta, makullin yana aljihunsa har ya gama.

Ki tambayi ƙanenki, in ya samu natsuwa, wanne daga cikin waɗannan ne ya faru. Kowanne ne, tambayar da sufeto na gari zai yi ba ita ce me ya sa ya zura hannu ba. Tambayarsa ita ce, ta yaya aka yi hannu ya iya isa wurin wuƙa? An yi dokar killace inji ne saboda an san ɗan Adam yana gajiya, yana mantuwa, yana gyangyaɗi da ƙarfe uku na dare, musamman wanda ya tsaya awa 12 a ƙafa. Kariyar inji don mai kuskure aka yi ta. Da a ce kowa ba ya kuskure, da ba a buƙace ta ba tun farko.

Za su iya ce muku sun ba shi safar hannu ya ƙi sawa. Kada wannan ya rikita ku. A bakin inji mai juyawa safar hannu ƙara haɗari take, don in wuƙa ko bel ya cafki bakinta, da hannun gaba ɗaya zai ja. Mu a wannan aiki, kayan sawa irin su safa da takunkumi da hular kwano su ne matakin ƙarshe. Da farko a kawar da haɗarin, in bai yiwu ba a killace shi, sannan a gyara tsarin aiki, sai daga baya a zo kan abin da ma'aikaci zai sa a jikinsa. Kuma duk abin da doka ta wajabta wa mai masana'anta ya tanada, an hana shi cire kuɗinsa daga albashin ma'aikaci.

Sufeto ba mai rauni ba ne a takarda. Yana da ikon shiga masana'anta dare ko rana in yana da dalilin zaton ana aiki a ciki. Yana iya tafiya da ɗan sanda in yana tsoron za a tare shi. Yana iya neman kundin rajista da takardun gwajin tukunyar tururi da na'urorin ɗaga kaya, ya keɓe ma'aikaci ya yi masa tambayoyi ba a gaban oga ba. In ya ga matsala, sashe na 37 ya ba shi damar rubuta umarnin gyara da wa'adi. In haɗarin ya yi tsanani, sashe na 38 ya ba shi damar dakatar da injin ko aikin har sai an gyara. Yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1960, ta kuma wajabta wa sufeto ɓoye sunan wanda ya kai masa ƙorafi, har ma kada ya nuna wa mai kamfani cewa ƙorafi ne ya kawo shi. Ina so abokan aikin ƙanenki su san wannan.

Na ga irin wannan aiki da idona lokacin da nake sabon shiga. Wani dattijon sufeto yakan zo mana ba sanarwa. Ba ya zama a ofishin manaja ya sha lemo. Kundin haɗurra yake fara buɗewa, daga nan ya wuce ɗakin shan magani ya gwada da littafin nas, in ya ga an ɗaure wa wani rauni amma babu shi a kundi, ranar sai mun yi bayani. In ya shiga sashen kaɗi sai ya ciro biro daga aljihu ya riƙa zurawa ta ramukan ragar da ta rufe giyar inji. Inda biro ya shiga ya taɓo ƙarfe mai juyawa, ya ce yatsa ma zai shiga, a canza. Daga wurinsa na koyi aikin fiye da duk kwas ɗin da aka tura ni.

To ina irinsa suke har aka kai ga hannun ƙanenki? Ba zan ɓoye miki ba, tsarin ya yi rauni ƙwarai, kuma dalilan a fili suke.

Sufeto yana bin jerin wuraren da suka yi rajista ne. Masana'antar da aka buɗe a bayan katanga cikin lungu, ba allo ba suna, ba ta cikin littafinsa. Sufetocin kuma ba su da yawa in aka gwada da yawan wuraren aiki, ga jiha mai faɗi daga Birnin Gwari zuwa Kafanchan, daga Zariya zuwa Saminaka. Jami'in da ba shi da motar aiki ko kuɗin mai, in ya dogara da mai kamfani ya aiko a ɗauke shi, ziyarar ba-zata ta mutu ke nan, za a share wuri a ɗaura murafu kafin ya iso. Akwai kuma masu karɓar na goro su sa hannu ba su leƙa ko'ina ba. Na taɓa ganin takardar shaidar dubawa rataye a bangon wani wuri da ko makaho ya shafa injinsa zai san ba a duba ba. Raina ya ɓaci ranar, don wanda ya sa wannan hannu ya sayar da gaɓoɓin mutanen da bai taɓa gani ba. Amma na san wasu da yawa masu tsoron Allah a cikinsu, waɗanda rashin kayan aiki ne ya ɗaure su, kuma in takarda ta zo teburinsu suna tashi.

Sai maganar tara, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Sashe na 71 na Dokar Masana'antu ya ce idan mutum ya mutu ko ya ji rauni saboda mai masana'anta ya karya doka, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. A 1987 mafi ƙarancin albashi naira 125 ne a wata, ke nan tarar ta kai albashin wata 40 na ƙaramin ma'aikaci. Kuɗi ne mai zafi a lokacin. Yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, tarar ba ta kai albashin kwana uku ba. Da an bar ta tana tafiya da zamani, da yanzu tana wajen naira miliyan 2.8. Mai kamfanin da ba ya tsoron Allah yana da lissafi: gyaran inji ya fi tarar tsada nesa ba kusa ba. An yi yunƙurin sauya dokar, Majalisar Dattawa ta zartar da sabon ƙudiri a 2012, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. An fitar da manufar ƙasa kan kariyar ma'aikata a 2006, aka sabunta ta a 2020, Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan kariyar ma'aikata, ta 155 a 1994 da ta 187 a 2022. Duk suna da kyau, sai dai manufa ba ta kai mutum kotu, doka ce ke kaiwa. Ga shi kuma dokar masana'antu ce kawai, ba a tsara ta don ma'aikacin asibiti ko na gona ko na shago ba.

Akwai dalili na ƙarshe wanda mu mutanen Kaduna muka fi kowa saninsa. Da can ba sufeto kaɗai ke tsaron ma'aikaci ba. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, aka biyo da su Arewa da UNTL da Nortex, Kakuri ta cika da dubban ma'aikata masu ƙungiya. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a nan Kaduna take, Adams Oshiomhole ma daga masaƙar Arewa ya taso har ya zama babban sakatarenta a 1982. A kowane sashe akwai wakilin ƙungiya, in murfin inji ya ɓalle shi zai fara ɗaga murya, kuma ba a iya korarsa haka kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya maye gurbinsu ƙananan wurare ne masu ɗaukar yara a kan kuɗin yini, ba takarda ba ƙungiya, a bakin ƙofa kuma wasu 20 na jiran a kori ɗaya su shiga. Yaro yana ganin haɗari ƙiri-ƙiri ya yi shiru, don ya san in ya yi magana gobe ba shi da na cefane. Wasu jami'ai ma suna jin nauyin rufe wuri a garin da aiki ya yi ƙaranci. Na fahimci wannan tausayi, amma ban yarda da shi ba. Dakatar da inji ɗaya na kwana biyu a yi masa walda ba ya kashe kamfani. Yaron da ya rasa hannu kuwa ya rasa aikin nan da sauran ayyukan da zai yi nan gaba.

In aka bar abu ba dubawa, ga inda yake kaiwa. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikata da dama suka ƙone saboda an kulle su a ciki, alhali sashe na 36 ya hana kulle ƙofa ta yadda na ciki ba zai iya buɗewa nan take ba. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano inda aka tsare su watanni suna aiki. Mu ma nan ba mu manta fashewar gas ta Sabon Tasha a watan Janairu na 2020 ba, wadda ta ci ran Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, tare da wasu bayin Allah. Ki tambayi ƙanenki ko ana kulle musu get da dare. In ana yi, a sa shi a cikin ƙorafin.

Rauni irin nasa aƙalla ana ganinsa. Wanda ya fi yawa shi ne wanda ba ya zubar da jini. Ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, kuma mafi yawansu, wajen miliyan 2.6, cuta ce ke kashe su ba haɗari ba. A masaƙa mun san ciwon ƙurar auduga, wanda ke farawa da ƙuncin ƙirji ranar Litinin bayan hutun mako, a hankali ya zama na kullum. Mun san kurumtar sashen saƙa. Ƙarar da ta wuce ma'aunin desibel 85 tsawon awa takwas tana cin kunne sannu a hankali kuma ba ya dawowa, ni kaina kunnena na hagu a can na baro shi. Alamar da nake ba mutane mai sauƙi ce: in sai kin ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da ke ya ji ki, ƙarar ta kai ta yi ɓarna. Mai fasa dutse yana shaƙar ƙurar da ke daskarar da huhu, mai walda a Panteka yana ƙona idonsa, mai narka roba yana shaƙar hayaƙinta dare da rana. Don haka in za a duba hannun ƙanenki, a duba kunnensa da ƙirjinsa ma. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan cikin Kaduna.

Na san a gida za a ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, kuma ita ce za ta sanyaya masa zuciya. Amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke alhaki daga wanda ya yi sakaci da rayukan mutane ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Shari'a kanta ta yanka diyyar yatsa. Neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne, kuma injin nan yana nan yana aiki yau da dare, ɗan wani yana tsaye a gabansa.

Mu dawo kan diyya. Maganar wai shi ɗan wucin gadi ne ba ta da tushe. Dokar 2010 ta fayyace ma'aikaci da cewa ya haɗa da na dindindin, da na ɗan lokaci, da na wucin gadi, da ɗan koyo, ko da baki aka yi yarjejeniya. Kowane mai ɗaukar ma'aikata ya kamata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, daga aljihunsa ba daga albashin ma'aikaci ba, daga nan ake biyan diyya. Tsarin ba ya tambayar laifin wane ne, abin da yake tambaya shi ne ko a bakin aiki raunin ya faru. Har haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ya shiga. Akwai kuɗin magani, akwai taimakon gyaran gaɓa da koyon sana'a, akwai biyan naƙasa gwargwadon kason da likitoci suka auna bisa jadawalin da ke cikin dokar, wanda ya naƙasa gaba ɗaya kuma ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Dokar ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai aikinsa ta yafe wannan haƙƙi ɓatacciya ce. Duk da haka na ce kada ya sa hannu, don takardar da ya amsa laifi a cikinta za ta zama makami a hannun lauyansu in an je kotu. Naira 50,000 da suka bayar ba laifi ba ne an karɓa, a dai rubuta cewa taimakon jinya ne.

Shi ma kamfanin akwai wa'adi a kansa. Dole ya sanar da NSITF cikin kwana 7, kuma sashe na 51 na Dokar Masana'antu ya wajabta masa rubuta wa sufeto duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Yadda suke gaggawar a sa hannu, ina kyautata zaton ba su yi ko ɗaya ba. Saboda haka ku yi da kanku. Wasiƙa ɗaya zuwa ga kwanturolan ƙwadago, a nemi a turo sufeto ya binciki haɗarin ya duba injin. Wata zuwa ofishin NSITF na Kaduna, a tambaya ko kamfanin ya yi rajista ko ya kai rahoto, a karɓi fom ɗin neman diyya. Shekara ɗaya doka ta bayar a shigar da buƙata, amma kada ku bari ko wata ɗaya ya wuce. In ta bayyana ba su yi rajista ba, wannan wani laifin ne daban a kansu, kuma ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kaduna, ita ce tsarin mulki ya ba hurumin irin wannan shari'a tun gyaran 2010. Tsakanin bin hanyar NSITF da shigar da ƙara akwai ƙa'idoji, ba a cika cin duka biyun ba, don haka a ga lauya kafin a zaɓa. In babu kuɗin lauya, a je Hukumar Ba da Agajin Shari'a. In kuma wani ofishi ya yi shiru da takardarku, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a aikinta ke nan, kyauta take yi.

Hujja ita ce za ta ɗauke ku. Rahoton likita mai hatimi, hoton hannun tun daga ranar farko, duk rasit na magani, katin shaidar aiki in akwai, saƙon banki na shigar albashi, ko hoton littafin da suke sa hannu in sun zo aiki, don abu na farko da wasu ke yi shi ne su ce ba su san shi ba. A rubuta sunayen waɗanda ke wurin a daren da lambobinsu tun kafin a sallame su ko a tsorata su. In akwai abokin aikinsa da zai iya ɗaukar hoton injin yadda yake yanzu ba tare da ya jefa kansa a matsala ba, ya ɗauka da wuri, don da zarar sun ji sufeto na tafe za a kira mai walda.

Shi kuma yaron, kada a bar shi shi kaɗai da tunani, kuma kada a tsaya a warkewar ciwo. Ku nemi likitan ƙashi ya tura shi wurin masu gashin gaɓoɓi da wuri, don sauran yatsun biyu in aka bar su a ɗaure ba motsi sandarewa suke yi, su ne kuma zai koyi riƙe biro da cokali da su. In kun samu kwafin wasiƙar farko da hatiminsu a kai, ki sake rubuto mini in duba ta kwanturola da ta NSITF kafin ku miƙa.